Bajon Kawu Saje da Magagarina

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Saje Garba mai ritaya, kuma na daɗe ina bugun ƙirji cewa ni na gaji idonsa. Daga Gwarzo har Kabo, a haɗa da Garo da Lakwaya, babu mai gane tagulla kamata. A ɗora min ƙarfe a tafin hannu, ido a rufe, in faɗi sunansa da na kakansa.

Kawu, Allah Ya jiƙansa, bai yarda da kowa ba. Idan ka gaishe shi da fara'a sai ya laluba aljihunsa. Abin da ya fi tsarewa kuwa shi ne bajon hularsa ta soja, ja kamar garwashi, wanda ya dawo da shi Kabo bayan ya ajiye kaki. Duk Juma'a yakan shafe shi da tsumma mai laushi, a hankali, kamar mai share idon jariri. Kowa ya san da toka da lemon tsami ake goge tagulla, amma ranar da na kawo masa su, da sanda ya raka ni har bakin zaure. Taɓawa kuwa, ko dagaci sai dai kallo daga nesa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da wannan zamani, da masu motoci ke bin ƙauyuka suna farautar kayan tsofaffin sojoji, wai na tarihi. Ina jin da rami zai haƙa ya binne bajon, ya shimfiɗa tabarma a kai.

Wani irinsu ne ya zo bayan babbar salla. Sabi'u, autan Kawu, ya kai shi wurin mahaifiyarsa, Inna Hajara. Mutumin ya jujjuya bajon, ya ɗauki hoto, ya taya. Inna ta ce ba na sayarwa ba ne, ya miƙa mata ya tafi. Da labari ya iske ni a Gwarzo na ce shi ke nan, an gama da mu. Wane ɗan kasuwa ne ke tafiya bai yi naci ba? Kuma me ya sa Sabi'u ya raka shi har mota?

Washegari na dira Kabo. Inna na ɗaki tana sallar la'asar, na sa aka ɗauko min bajon. Na auna a hannu, na ji shi sakayau kamar marfin kwalba. Na sake shi kan siminti, maimakon amo mai daɗi sai ya ce ƙwas. Maganaɗisu ba ya raba wannan gardama, don ba ya kama tagulla, ba ya kama alminiyam. Na tara mutanen gida na shaida musu an yi musanya: an tafi da na tagulla zalla, an bar mana alminiyam mai rigar tagulla. Ban kama suna ba, amma idona bai bar kan Sabi'u ba. Ya rantse, ya ce in har aka yarda ya sayar da kayan ubansa, ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba.

Sai na zaro magagari na goga gefen bajon. Jan ya kau, fari fat ya bayyana. Na ɗaga shi sama kamar wanda ya ciwo kofi.

A nan Inna ta fito. Ta karɓa, ta juya bayansa, ta nuna mana ƙugiyar da Kawu ya ɗaure da siririyar waya tun suna bariki. Ta ce shi ne dai, ba wani ba. Haka aka raba wa sojoji shi, alminiyam a ciki, tagulla a sama ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba, shi ya sa ya hana toka kusantarsa. Sannan ta tambaye ni yaushe na taɓa riƙe shi da har na san nauyinsa. Gaskiya kuwa, ban taɓa riƙe shi ba sai ran nan.

Na ba Sabi'u haƙuri, ya karɓa, sai dai har yau gaisuwarmu gajera ce. Bajon yana nan da farin tabo a gefe. Na gane ba ido na gada wurin Kawu ba, zargi na gada, shi ma rabi: nasa tsare kaya yake, nawa ɓatawa. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Da na zo tafiya ran nan, Inna ta naɗe bajon a tsummansa, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Kawunka ya ƙare rayuwarsa yana lallaɓa jan nan. Ɓarawon da yake jin tsoro bai zo ba, sai masani."