Goyon da Hansatu ta Sauke a Tudun Wada

Ranar Talata ce, bayan kaka. Na yi sallar asuba, na fita gyaran danga. Da hantsi mata suka taru sussukar dawa a bayan gari. A ƙauyenmu, ta hanyar Doguwa, in ana sussuka tabarma guda ake shimfiɗa wa jarirai a inuwar ɗorawa. Matata Hansatu ta kwantar da ɗanmu Sale kusa da ɗan maƙwabciyarmu Lami. Kusan tare aka haife su.

Rana ba ta take ba muka ji bindiga. Ɓarayin shanu ne suka sauko daga dutse. Suka sa wa rumbuna wuta. Iska ta kai ta masussuka, ƙaiƙayi ya kama. Hayaƙi ya rufe ko'ina.

Mai unguwa ya ɗaga murya: "Ku bi rafi! Kada wanda ya koma gida!"

Hansatu ta faɗa cikin hayaƙin, ta sunkuci yaro, ta goya, ta lulluɓe shi da zane. Na kamo hannunta. Ba mu tsaya ba. Yaron bai yi kuka ba, hayaƙi ya galabaitar da shi.

Bayan azahar muka shiga Tudun Wada. Labari ya riga mu. Liman ya sa an yi shela, kowane gida ya fito da abin da yake da shi. Ga koko, ga tsofaffin zannuwa, ga man kaɗanya na shafa wa ƙuna. Wata tsohuwar ungozoma tana karɓar jarirai tana wanke musu ido.

"Sauke shi, 'yata."

Hansatu ta kwance goyon. Ɗan Lami ne.

Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallonsa. Da ya buɗe baki, ta ba shi nono.

Washegari na bi mazan garin da suka ɗauki fatanya da likkafani na sadaka, muka koma ƙauyenmu. A gindin ɗorawa muka sami Lami, Sale yana ƙirjinta. Ita ma ta ɗauki yaro cikin hayaƙin, amma ba ta fita ba. Muka binne su kusa da juna.

Da la'asar aka raba mana dawa a ƙofar masallacin Tudun Wada. Mai awo ya ce, "Malam, ku nawa ne a gidanka?"

Mu uku muka wayi gari ranar Talata. Na ce masa uku.