Kawunan Itacen Malam

Ni ban iya rubutu ba. Ɗiyar maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata duk inda kuka ya ci ƙarfina ta dakata ta jira ni.

Malam, mijina, wankin hula yake yi. Iyayensa daga Zariya suka zo da sana'ar, shi kuma a nan unguwar Sintali ya yi ta har ƙarfinsa ya ƙare. Yana da ɗan ɗaki a cikin zaure, cike da itatuwan da ake ɗora hula a kai idan an wanke, waɗanda aka sassaƙa kamar kan mutum, ba ido ba baki. Kawuna muke ce musu. Da ya rasu aka raba tufafinsa sadaka, kawunan kuwa ba mai so. Na kulle ɗakin, na ɗaure makullin a bakin zanena. Kullum da hantsi in buɗe, in share, in yi kukana, in fito.

Ina da jika mai karatun haɗa fim a jami'a. Tun yana rarrafe nake ce masa Maigida, irin wasan kaka da jika, shi kuma ya ce mini Amarya. A shekararsu ta ƙarshe aka ce kowa ya haɗa ɗan gajeren fim da abin da ke hannunsa, shi kuwa ba komai a hannun nasa. Ya tare a ɗakina tare da abokiyar karatunsa, wata yarinya 'yar ƙabilar Mumuye daga unguwar Majidaɗi, ita ce mai riƙe kyamara. Wuni suke yi kai a sunkuye kan waya. Ka ji kiɗa, ka ji ihu, ka ji harbi, kafin ka gane wa ya kashe wa, an gama.

Na ce, "Maigida, wai finafinan nan ba su da tsakiya ne? Daga farawa sai ƙarewa?"

Ya ce, "Amarya, tirela ke nan, tallar fim. Ɗanɗano ake ba ki, kamar mai tsire ya yanko miki ɗan ƙarami."

"To tun safe kake ɗanɗanawa, yaushe za ka saya?"

Yarinyar ta yi dariya har wayar ta faɗi. Ta ce da irin Hausarta, "Kaka, kai ka fi malamin mu tambaya."

A bakinsu na ji ashe fim kala-kala ne. Na soyayya sai da mota da gida mai kyau da sutura ta canji. Na faɗa sai da jama'a. Na barkwanci sai an sami mai ban dariya, jikana kuwa ko akuya ba ta yi masa dariya. Na ban tsoro ne kawai ba ya son komai, ɗaki ɗaya da duhu da tocila. A kansa suka tsaya. Ina zaune na ji, amma da jikana ya zo ya durƙusa yana roƙon makulli ban haɗa zancen da ɗakin Malam ba, don ni ban taɓa ganin abin tsoro a ciki ba. Har daɗi na ji, na ce yau an tuna da tsoho.

Da rana tsaka suka toshe tagar da bargona, suka rufe ƙofa. Tirelar suka fara haɗawa, wai ita malaminsu zai gani kafin ya yarda su ci gaba. Jikana ya tura wa abokansa, su ma suka tura, har ta zagayo gidanmu.

Akwai 'yar masu haya, ƙaramar yarinya, wadda Malam ke ajiye wa dabino a aljihu. Da ta iya tafiya ɗakinsa ta fara zuwa. Wata safiya ina shara na ga ta ratsa zaure a guje, ta rufe ido da tafin hannu. Na kira ta, ta ce ba za ta zo ba, ɗakin aljanu ne.

Na sa aka kira mini jikana, na ce ya nuna mini.

A cikin wayar, ƙofa ta buɗe da ƙara, ƙarar da na sani, Malam ya sha cewa zai sa mata mai. Sai haske ya taso daga ƙasa, kawunan suna jere, inuwarsu ta hau bango. Ga mai tsagar nan da Malam ya ɗaure da wayar ƙarfe. Ga ƙaramin da yake ɗora hulunan yara ranar jajibirin salla. An sa musu numfashi, an sa wani yana juyowa a hankali. Sai ihu.

Ban yi faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Na ce, "Mutumin nan ko kaza bai taɓa tsorata ba. Abin da yaran gidan nan za su riƙe game da shi ke nan?"

"Amarya, wasa ne fa. Kowa ya san itace ne."

"Kada ka ce mini Amarya yau."

Sai ya ce malaminsu ya yaba, lokaci kuma ya ƙure. Abokiyar karatunsa da ta biyo shi ce ta ce akwai wani kalar fim mai araha, na gaskiya, inda mutum zai zauna ya ba da labarin abin da ya sani. Jikana ya ce wa zai kalli tsohuwa da sitaci, me za a sa a tirela? Suka yi ta musu a kaina kamar ba na wurin. Na miƙa hannu na ce ya ba ni makullina. Ya ba ni.

Kwanaki bai zo ba. Ranar da ya dawo hularsa ce a hannunsa, ta yi dauɗa. Ya ce, "Kaka, za ki wanke mini a gaban kyamara?"

Na ce da sharaɗi: a fito da kawunan tsakar gida, a rana, kowane da hula a kansa, yadda Malam ke jera su. Suka bi maƙwabta aron huluna. Na jiƙa, na goga da buroshi, na sa sitaci, na ɗora. Hannuna bai kai na Malam ba, tawa ta ɗan karkace. Ina cikin bayani na juya zan ce masa ya miƙo mini ruwa, shi Malam ɗin, sai kuka ya zo. Ba su kashe kyamarar ba.

Da suka haɗa sabuwar tirela, kukan nan suka sa a farko. Wai haka ake yi, abin da zai kama mai kallo shi ake farawa da shi. Na gaji, na ce su bar shi haka. Ai duk Sintali an san ina kuka. Bayan kukan dai ga kawunan a rana, da huluna masu launi, ga sunan sana'ar Malam ana faɗa.

Ta farkon ba ta gogu ba, tana nan a wayoyin mutane. Jikana ya ce abin da ya fita ba ya dawowa. Shi ya sa na daina kulle ɗakin. Kullum in fito da kawuna biyu ko uku in ajiye a rana, ko ba hular wankewa, bayana na ciwo. A kan ƙaramin nake ɗora dabino.

'Yar masu hayar nan har yanzu ba ta shiga ɗakin. Amma jiya na tarar dabinon babu, uwarta ta ce ita ta ɗauka, da gudu.