Tulunan Aro a Ranar Nowel

Ranar Lahadin farko ta watan Disamba na 1993, bayan an tashi daga sujada, ina tsaye a gindin mangwaron harabar cocinmu riƙe da jakar Mama, ina kallon yadda ake shirin raba ta da waƙarta. Mai tsara waƙoƙin cocin, wanda kowa ke kira Metir saboda tsohon malamin makaranta ne, ya tsaya a gabanta ya goya hannu a baya kamar mai duba 'yan aji. Al'adar cocin ita ce ranar Kirsimeti, wadda a Yawunde muke ce wa Nowel, kowace ƙabila takan fito gaban jama'a ta yi waƙar haihuwar Yesu da harshenta. Ewondo suna da abin kiɗansu na katako, Bamileke suna da manyan ganguna, mu mutanen Arewa kuwa da Hausa muke yi, don ita ce ta haɗa mu. A shekarar nan mata uku ne kacal suka rage a ƙungiyar da Mama ke shugabanta. "Madam Rahila, mutum uku ba koral ba ne, ba su isa ƙungiyar waƙa ba," in ji Metir. "Lasifika ta mutu, ba a gyara ba. Ranar Nowel zan tsaya a ƙofar baya. In muryarku ba ta iso ni ba, daga bana an soke layin Arewa." Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "To, Metir, ka tsaya inda ka ga dama." Ni kuwa mai shekara goma sha ɗaya raina ya ɓaci har na ƙi cin abincin rana.

Lokacin ne na matsin da manya ke kira lakiris. An zaftare albashin ma'aikata, kamfanoni suna ta rufewa, kowane mako sai mun ji wani gidan ya ɗaure kayansa ya nufi tashar jirgin ƙasa zai koma Arewa. Haka matan ƙungiyar Mama suka zube ɗaya bayan ɗaya. Babanmu ma direba ne a wani kamfanin da ya rufe, ya dawo yana taya wani mai tsire yankan nama a bakin titi. Kowa ya yi asarar wani abu, amma Mama ta ɗauki zancen waƙar nan da zafi fiye da rashin nama a miya, kuma na san dalili. Faransancinta bai wuce na ciniki a kasuwa ba. Shekara guda cur takan zauna a coci tana cewa amin ga abin da rabinsa kawai ta ji. Ranar Nowel ce kaɗai take buɗe baki a gaban jama'a ta yabi Ubangiji da harshen da take mafarki da shi, kuma ita ce da kanta ta yi ta zarya wajen dattawa tun tana amarya har aka ba 'yan Arewa wannan layi.

A unguwar Briqueterie muke zaune, wadda mu 'yan cikinta ke kira Birik. Gidan haya ne mai ɗakuna jere a hagu da dama, da tsakar gida mai jar ƙasa, kuma mu kaɗai ne Kirista a ciki. Uwar mai gidan ita ce Goggo Dudu, wata tsohuwar Bafulatana daga Garuwa, mai faɗa kamar me, amma ba ta taɓa dafa abin sallah ta manta da ƙofarmu ba. Aikina na safe shi ne bin layin famfo da bokiti, sai shara, sai goge bayan tukwane da toka, kafin in saka kayan makaranta. Da yamma mu 'yan mata mukan baje a ƙofar ɗakin Goggo muna carafke, maza suna langa har su kusa ture mata tabarmar shanya, ta bi su da muciya. Da Disamba ta kama, unguwar takan canja murya. Kekunan teloli ba sa hutawa, don ko a shekarun wuya mutanen unguwannin Messa da Ekoudou sai sun kawo ɗan yadin da suka samu a ɗinka wa yara. Masu sayar da kaset a kasuwar Mokolo kuma sukan ƙure sauti da waƙoƙin Nowel na Turawa masu ƙararrawa da na Kongo masu jita. Ina son su ƙwarai, ina bin su da baki in an aike ni sayen manja, amma ba su ne ke gaya mini Nowel ta zo ba. Ni sai ranar da Mama ta durƙusa ta jawo tulunta daga ƙarƙashin gado nake yarda ta zo.

Tulu ne na ƙasa irin na ruwa, wanda ta taho da shi daga garinsu. Ana dukan bakinsa da guntun soson katifa, sai ya ba da wata murya mai zurfi da mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa. Sirrinsa a ruwa yake: in ka ƙara ruwa muryar ta yi sama, in ka rage ta yi ƙasa, in ka cika shi fal kuwa ya zama bebe. Matar da ke kaɗa wa ƙungiyar ta koma Arewa, don haka Mama ta miƙa mini soson ba tare da ta tambaye ni ko ina so ba. Muka fara gwaji kullum bayan la'asar, Mama da ƙawayenta biyu da ni, mu tsaya cak da an kira magariba. Waƙar tsohuwa ce ta garinsu Mama, labarin makiyaya da suka bar tumakinsu a daji suka ruga ganin jariri, tana da amshi gajere mai saurin shiga kai. A kwana na uku Goggo Dudu, wadda ke tsintar shinkafa tana yi kamar ba ta sauraro, ta ɗago ta ce, "Maman Hannatu, wannan abin naku ko zaure ba ya kaiwa." Ta shige ɗaki ta fito rungume da tulunta na sha, ta dire a gabana. "Ni dai ƙafata ba za ta je cocinku ba, amma tulu ruwa kawai ya sani. In kika fasa mini shi, ke ma sai na fasa ki."

Kafin mako ya zagayo, duk matar da ke da tulu ko ƙaramar randa a gidan ta fito da ita. Ƙannena da 'ya'yan ƙawayen Mama suka zama makaɗa, telan ƙofar gidanmu ya ɗinke mana sosuna cikin ƙyallayen atamfa bai karɓi komai ba. Ni ce shugabar makaɗa, kuma ba na ɓoye cewa na yi mulki da ƙarfi. Na san ruwan kowane tulu da hannuna: na Goggo sai ruwa ya tsaya a wuyan hannu in na taɓo gindinsa, na Mama a tsakiyar damtse, ƙaramar randar matar mai tsire kuwa ɗan kaɗan take so. Yaron da ya sha ruwan tulunsa ana cikin gwaji ya sha ranƙwashi. Goggo ta naɗa kanta alƙali. Da mun fara sai ta yafa mayafi ta fita, ta yi tafiya har inda ta daina ji, ta dawo da hukunci. Ran farko ta ce zaure. Bayan 'yan kwanaki ta ce shagon tela. Ana saura kwana biyu ta dawo tana haki ta ce ta kai har wajen masu tsire a bakin titi tana jin mu, wani ma ya tambaye ta ko biki ake a gidan.

Ranar jajibiri da yamma muka ɗora gammo muka ɗauki tulunan a ka, muka bi ta gefen kasuwa muka hau tudu zuwa coci, mutane suna ta kallonmu. A famfon coci na auna wa kowanne ruwansa, na buga na ji, muka jera su a jikin bango kusa da bagadi don kada a yi ta kiciniya da safe. A daren nan duk gidanmu ruwan bokiti mai ɗumi aka sha, ba wanda ya yi ƙorafi sai Goggo, ita ma don kada a ce ta yi shiru ne.

Da safe muka shigo cikin wankakkun kayanmu na bara, sai na ga bangon wayam. Na ɗaga ido. Tulunanmu ne jere a kan matakalar bagadi, kowanne an cika shi da ruwa har baki, an cusa masa furanni ja da fari da ganyen kwakwa. Wata tsohuwa mai suna Mama Odil, wadda ke ƙawata coci tun kafin a haife ni, ita ce ta zo da asuba ta gan su. A yankinsu ba a kiɗa da tukunya, sai ta ɗauka mutanen Arewa ne suka kawo kyautar tukwanen fure, har tana ta gaya wa mutane irin kirkinmu. Coci ya riga ya cika maƙil, fasto ya shigo, kuma ba mai hawa bagadi ana cikin sujada. Na zauna hawaye na zuba a kan rigata. Ewondo suka yi tasu har rufin kwano yana amsawa, Bamileke suka girgiza ƙasa. Na waiga na hango Metir tsaye a ƙofar baya ya harɗe hannu a ƙirji.

Da aka kira layin Arewa, Mama ta miƙe ta kama hannuna ta ce, "Share fuskarki, Hannatu. Je ki gyara kayanki, ni zan riƙe su." Ta tsaya a gaban jama'a ta ɗauko waƙar ita kaɗai, a hankali, ba kiɗa ba amshi. Na hau matakalar, na tumɓuke furannin tulun Goggo na ajiye a ƙasa. Coci ya ɗauki gunaguni, wasu suka fara dariya. Mama Odil ta taso a fusace, sai ta ga na buga bakin tulun da soso ya yi shiru, na nuna mata ruwan. Tsohuwar nan ta dafe kai da hannu biyu, ta juya da gudun da ban san tana da shi ba, ta dawo da bokitan da ta yi ɗiba da su, ta durƙusa a gabana da kayan bikinta. Na tsiyaye ruwa na buga, tulun ya yi ɗan tari. Na ƙara tsiyayewa na buga, muryar ta sauka. Na zura hannu na ji ruwa a wuyan hannuna, na buga na uku, sai ya yi wani irin nishi mai zurfi da ya bi ta ƙarƙashin kujeru. Dariyar ta ɗauke. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina gama tulu yaronsa ya zauna ya shiga kiɗa, sauti yana hawa kan sauti, jama'a sun miƙa wuya suna jiran na gaba kamar masu kallon ana kunna fitilu. Mama tana ta maimaita baitin makiyaya, ba ta gaji ba, ba ta waigo ba.

Da tulu na ƙarshe ya shiga, ƙawayenta suka karɓi amshi, ɗayarsu ta rangaɗa guɗa. Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Masu kiɗan katakon Ewondo suka laluɓo bugunmu suka shigo, gangunan Bamileke suka bi su, mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Hausa ba suka kama amshin suna yi da ƙarfinsu. Mama Odil ta kwashi furanninta tana rawa da su a hannu. Na hango Baba, wanda ya yi watanni bai yi dariya ba, a tsaye yana tafi sama da kansa. Metir kuwa ban gan shi ba, don masu wucewa a titi sun cika ƙofar bayan suna leƙe, sun tura shi waje. Bayan an tashi ya zo gindin mangwaro da rigarsa jiƙe da gumi, ya ce, "Madam Rahila, baɗi ku ne za ku rufe taro." Mama ta ce, "Ashe ka ji, Metir?" Ya ce tun daga bakin titi. A hanyar gida tana ɗauke da tulun Goggo a kanta tana kuka tana dariya, ni kuma ban taɓa jin alfahari da uwata irin na ranar ba. Goggo Dudu ta karɓi kayanta ta juya shi ta duba ko'ina, ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta yi mako guda tana mitar ruwanta na warin fure.

Layin Arewa yana nan har yau a cocin, kuma su ne ke rufe taro. Yanzu suna da yawa, suna da piyano mai lantarki da lasifikar da ke kaiwa har tashar mota, Mama da Goggo kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. A Birik jarka da firji sun kori tulu, in ka nemi na aro gida-gida ma da wuya ka samu. 'Ya'yana sukan tara waƙoƙin Nowel a waya tun watan Nuwamba, su tambaye ni wadda na fi so su saka mini, in ce su saka kowacce, duk suna da daɗi. Wadda nake so ba ta cikin waya, don sai gida guda ya yarda ya kwana da ƙishirwar ruwan sanyi kafin a kaɗa ta.