Sunayen da Na Cire daga Waƙar Kawu Ayuen

Kawuna Ayuen Thiong ya yi shekara goma sha tara yana yanka shanu a wata mayanka da ke yammacin Melbourne, kuma ban taɓa ganin ya kai loma ɗaya ta naman wurin bakinsa ba. Yayan mahaifiyata ne, dogo, sai ya sunkuya yake shiga bas. Mutumin da ya tashi a ƙauyenmu kusa da Bor yana shafa wa bijiminsa toka kowace safiya, yana rera masa waƙa, shi ƙasar nan ta miƙa wa wuƙa da takalmin roba ta ce ya tsaya a layi. Ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci. Shi kuwa bai taɓa kai kuka wurin kowa ba.

Abin da ya rage masa na gida waƙarsa ce. Kowane namijin ƙabilarmu ta Dinka na zamaninsa yana da tasa, amma ta Kawu daban take. Da yabon bijiminsa Marial take farawa, mai baƙi da fari, sannan ta gangaro kan mutanen da aka kashe ranar da aka ƙone ƙauyen lokacin yaƙi. Mutum sittin da huɗu, kowa da sunan ubansa. In ya rera ta a biki a unguwar St Albans, duk wanda aka kira nasa sai ya miƙe ya ɗaga hannuwa kamar ƙaho, mata su yi guɗa. Mamatan ba su da kabari, ba su da hoto. A bakin Kawu kawai suke.

Ni ce Ajoh, marubuciyar gidan. Ina shekara tara aka kawo ni daga sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma. Da Turanci nake rubutu, littafi biyu na fitar, shi ke nan aka mai da ni muryar Afirka gaba ɗayanta. A gayyace ni taro, a ba ni ruwa a kofin gilas, a tambaye ni ina ne gida a wurina, a karkace kai ana jiran in yi hawaye. Dinkancina kuwa ɗingishi yake. Ina jin komai, amma in na buɗe baki sai tsofaffi su kalli juna.

Ni na roƙe shi ya bar ni in sa waƙar a littafi. Da na ciro waya zan ɗauki muryarsa sai ya daka min tsawa.

"Ke, mai da abin nan jaka! In zuba muryata a ciki, gobe wani ƙato ya haddace ya je yana yaudarar mata da bijimina?"

"Haba Kawu, wa zai saci waƙarka?"

"Ba ki san maza ba. Ɗauko biro. Ba an ce kin yi makaranta ba?"

Wata bakwai muka yi, kowace Asabar da la'asar, a ɗakin girkinsa, shayi na hucewa. Ya rera, in rubuta, in mayar Turanci. In na maimaita suna ba daidai ba sai ya dafe kai.

"Wayyo ƙanwata, me kika haifa min? Wannan ai kin kira mutumin ne da sunan akuya. Sake!"

A watannin nan ne na fara jin harshena yana miƙewa. Ko kunya ban ji ba da na fahimci ban taɓa rubuta abin da ya kai waƙar mahaucin nan ba.

Editar da ta karɓi aikin sunanta Meredith. Mutuniyar kirki ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da muguwa ce da na sami wanda zan ɗora wa laifin duka. Ta ce waƙar ta sa ta kuka. Sannan ta ce sunayen sun ci shafi huɗu, mai karatu zai gaji, ba zai iya furta su ba. A bar biyar, sauran a dunƙule su a layi ɗaya.

Da so samu ne in ce na yi mata tsaye. Ƙarya ne. Ko minti goma ban yi ina musu ba. A makarantun Turawa na girma, kuma ni kaina, in faɗi gaskiya, in na zo kan jerin sunayen nan ina karantawa idona tsallake yake yi. Na zaɓi biyar masu sauƙin faɗa, na rubuta a ƙasa: "da sauran waɗanda ciyawa ta rufe." Meredith ta ce layin ya yi kyau ƙwarai. Har yau shi masu sharhi suke ɗaukowa in za su yabe ni, ni kuma ji nake kamar in tofa musu yawu.

Ban gaya wa Kawu ba. Ba ya karanta Turanci, na ce zan sami lokaci. Shi kuwa ya kama waya ya buga wa mutanen ƙauyenmu da ke garuruwan Adelaide, Perth da Toowoomba. "Ubanki ya shiga littafi," yake cewa. "Ƙanenka ya shiga littafi. Ku zo ku gani da idonku." Ina ji, ban tsayar da shi ba.

Ranar ƙaddamarwa, a zauren laburaren unguwarmu, kujera sittin aka jera. Mutum wajen ɗari biyu suka zo, mata ɗauke da tukwanen kisra, wainar dawarmu, da miyar kuɓewa, maza cikin kwat ɗin coci. Meredith sai murna take, tana ta ɗaukar hoto. Kawu yana gaba, ya sha farar riga.

Na tsaya a bayan tebur na fara karantawa. Yawancinsu ba sa bin Turancin, kunne kawai suka kasa suna jiran nasu. Na kira na farko, iyalinsa suka miƙe, aka yi guɗa. Na biyu, na uku, har na biyar. Ina ganin wasu sun riga sun dafa gwiwa za su tashi, don sun san wanda ke biye. Sai na karanta layina mai kyau na rufe littafin. Turawa suka tafa. Namu ko tari babu wanda ya yi.

Kawu ya taso har gaban teburin.

"Ajoh, lokaci ne ya ƙure kika tsallake?"

"Kawu, bari mu je gida, zan yi maka bayani."

"A nan na tambaye ki. Biyar na ji. Ina hamsin da tara?"

Sai wata mata ta kutso tsakaninmu, littafin a rungume a ƙirjinta. Athieng ce, daga Perth, mai aikin wanka da shara a gidan kula da tsofaffi. Tana cikin uwarta aka kashe ubanta. Ba ta ji abin da muke faɗa ba, fuskarta sai fara'a.

"'Yar'uwa, sannu da aiki, Allah ya biya ki. Ni karatu bai zauna min ba. Nuna min wurin da Ajak Mayen yake, ki ja masa layi da biro, yarana su karanta in na koma."

Na karɓa na shiga buɗe shafuka kamar mai neman wani abu. Haushin kaina ya kama ni.

"Nuna mata mana," in ji Kawu. "Ba ke ce marubuciya ba?"

"Ba ya ciki," na ce.

Athieng ta dube ni, ta dubi Kawu. Fara'ar ta tafi a hankali.

"Shi kaɗai aka cire? Baba, wani abin kunya ya yi ne da ba a gaya mana ba?"

Ban taɓa ganin Kawu ya yi kuka ba, ranar ma bai yi ba. Ya kama hannunta da hannuwansa biyu.

"Bai yi komai ba, 'yata. Ubanki a bakin garke ya tsaya har ya faɗi, ina kallo. 'Yar ƙanwata ce ta duba ta ga ya yi yawa."

Athieng ta zare littafin daga hannuna, ta rufe, ta ajiye shi a kan tulin sauran littattafan, har da daidaita gefensa. Sannan ta tambayi na kusa da ita inda ake hawa bas ɗin filin jirgi.