Ranar da Aka Ɗauke Wuta a Samaru

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da ƙanwata, mun nufi Zariya. Kuɗin sallamata na koyarwa sun fito, ina son in buɗe wurin yin ƙanƙara. Wani injiniya ya ce kafin in sayi ko kusa ɗaya, sai in biya shi ya zauna ya tsara wuta, ruwa, janareta da ɗaki gaba ɗaya. Ni kuwa na ga kamar zan sayi takarda ne kawai. Ƙanwata ta ce mu je in gani da idona.

Hanya ta yi mana kirki, ban da direban da ke tuƙi kamar ana bin sa. A Sabon Gari muka fara sauka, muka ci doya da ƙwai mai zafi, sannan muka shiga layin masu sayar da injina. Can na ga injinan ƙanƙara a jere, kusan sababbi. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Madam, masu su ne suka dawo da su, don sun saya kafin su tambaya ko wutar unguwarsu za ta ɗauka."

Daga nan muka hau bas ta Palladan zuwa Samaru, wurin wata dattijuwa da ta bi irin shawarar da ake ba ni. Wurinta bai kai girman da na zata ba, amma komai na zaune inda ya dace: tanki a sama, bango mai kauri, ƙaramin janareta na inji ɗaya. Muna cikin hira aka ɗauke wuta. Na zabura, ita ko motsi ba ta yi ba, sai ma ta ƙara mini kunun zaƙi.

Na ce, "Mama, ƙanƙarar fa?"

Ta ce, "Za ta kai gobe, 'yata. An lissafa da ɗauke wutar tun kafin a sa bulo."

Wallahi matar ta burge ni. Na dawo gida da yamma a gajiye, har yanzu ban iya faɗin ribar tsarin nan da naira ba. Amma washegari na aika wa injiniyan ya zo, inji ya jira. Irin zaman da matar nan ta yi nake so in saya.