Ruwan Alwalar Yaya Ya Rasa Hanya

Ku yi mini afuwa, 'yan uwa, da na ɗora muku karatu alhali idanu ba su gama bushewa ba. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, a taron dangi ma can ƙarshen tabarma nake zama. Sai dai abin da ke cikina ya ƙi kwanciya.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, Allah ya karɓi ran Yayana, tela, a gadon asibiti, bayan jinyar karayar ƙugu da ya samu a tsakar gidansa.

Yaya, kai ka riƙe hannuna ranar da aka fara kai ni makarantar allo, ina turjewa kana lallashi. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara, ba a taɓa komawa makaranta ba tare da ka aiko musu da sababbin kaya ba. In na buɗe baki sai ka ce, "Ragowar yadi ne, ƙanwata." Ragowar yadin da har ninkin kanti yana jikinsa. Na gani, na yi shiru, don ka fi son haka.

Bayan keken ɗinkinka, ba abin da ka ba zuciyarka kamar tsakar gidan nan. Mangwaro a tsakiya, gwaiba a bayan madafa, lemun tsami a kusurwa. Duk maƙwabcin da ya tare a sabon gida, sai ka kai masa dashe a gwangwanin madara. Daga dutsen da kake zama ka yi alwala ka haƙa siririyar magudana da hannunka, ka jera mata tsakuwa har gindin lemon. Ka ce ruwan da ya wanke fuska don Allah bai kamata ya ƙare a kwata ba. Kana tsokanar yaran gidan cewa lemon nan ya fi su kiyaye lokacin salla.

Sai Allah ya buɗa wa 'ya'yanka, kuma ina shaida da alheri suka zo. Babbansu, wanda muke kira Dogo, ya kawo dillalin gidaje ya duba abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi. Ina nan ranar. A inuwar mangwaron aka shimfiɗa musu, a cikinta suka yanke masa hukunci. Dillali ya ce daɓen tayil ne ke ɗaga darajar gida, da rumfar mota, da ciyawar roba, da famfon ado mai feshi. Bishiya kuwa, in ji shi, sai shara da fasa katanga.

Ka ce, "Malam dillali, gidan sayarwa kake faɗa. Ni na zama gare ni."

Aka yi dariya. Dogo ya ce, "Baba, ka bar mu mu fitar da kai kunya." Nan aka gama da kai. Daga baya ka ce mini, "Ɗa ya zo da alheri a hannu, ba a tambayarsa ko ya wanke hannun." Abu ɗaya ka roƙa, a bar maka magudanar. Dogo ya ce to. Mai sa tayil ya ce za ta ɓata masa layi. Layin ya fita sambal.

Yanzu kowa ya ga abin da kuɗin ya saya. Famfon ya yi feshi ranar da abokan Dogo suka zo kallo, daga nan ya zama gidan hayar sauro. Ciyawar robar, kai da kanka ka ce akuyar maƙwabta ta shinshina ta yi gaba. Rumfar tana ba mota inuwa in an zo ziyara, mai gidan kuwa yana bin gindin katanga da kujerarsa, rana tana korarsa daga nan zuwa can. Lemon kaɗai aka bari, saboda yana lungu bai tare wa kowa hanya ba. Ruwan alwala ya rasa inda zai bi, ya kwanta a kan tayil, gansakuka ta fito. Matarka ta goge har bayanta ya gaji, ta sake fitowa. Wata la'asar ka fito da butarka, ƙafa ta tafi.

Ina tsoron Allah, ba zan ɗora ran kowa a wuyan kowa ba. Ajali ba ya jinkiri, ko a kan yashi kake tafiya zai same ka. Amma an koya mana cewa ajali na da sanadi, kuma ba a hana mu duba sanadin ba. A asibiti ba ka ambaci tayil ba ko sau ɗaya. Da ka farfaɗo, ni ka tambaya ko an ba lemo ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai, a zaman makoki na ji masu gaisuwa suna cewa, "Masha Allah, gida ya yi kyau, yara sun yi ƙoƙari." Suna faɗa suna dafa bango kada su zame. Ni ban yi karatun gine-gine ba. Abin da na gani shi ne, duk abin da ka sa a gidan nan ya yi wa mazauna cikinsa hidima, abin da aka sa daga baya kuwa mai leƙowa daga ƙofa yake yi wa.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya ba ka inuwar da ba mai sare ta. Duk wanda ya ci daga dashenka, mutum ko tsuntsu, Allah ya kai maka ladan. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da maƙwabtan da har yau suke zama a ƙarƙashin bishiyoyinka. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

Dogo, ɗana, sauran maganar taka ce. Mahaifiyarka tana takaba, ba ta da halin barin gidan ta zauna wurina. A dutsen nan take alwala, da ciwon gwiwarta. Jiya na ga ta miƙe da buta a hannu ɗaya, ɗayan yana lalubar bango. Na yi magana da magini, ya ce layin tayil ɗaya za a ɗaga, tsakuwar mahaifinka tana nan a ƙasa. Gidan yanzu haƙƙin magada ne, ba zan sa a taɓa ko ɓallin siminti ba sai da izininku. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, na san ayyuka sun yi maka yawa. Hadari ya fara haɗuwa. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Gwaggonka.