Wayar Buji Ɗaya a Hanyar Yamai

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Dogondutsi, ni da ƙanena. Kawu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, yana kwance a asibiti a Yamai, kuma 'yarsa ta bugo waya ta ce sunana yake ta kira. Motar da muka shiga ma tasa ce, tsohuwar katkat da ya bar mini da ƙafafunsa suka gaza. Ta tsufa har ƙofar baya da igiya muke ɗaure ta, amma ba ta taɓa kunyata ni ba.

Kafin mu fita gari na sha esansi, wato fetur, na kwalba a bakin titi, don ya fi sauƙin kuɗi. Hanya lafiya lau, gero ya yi kore shar hagu da dama. Muna gab da Dosso sai mota ta fara tari. In na taka, sai ta yi kakkarwa kamar mai masassara, bututun hayaƙi na harbi fat-fat. Na ce kar na kashe wa Kawu inji, na gangara gefen titi.

Kun dai san halinmu. Ana buɗe kapo, murfin inji, kowa ya zama makanike. Mai shayi ya zo, mai faci ya zo, har wani dattijo mai jan akuya ya leƙa ya girgiza kai. Da jin esansin kwalba na sha, duk suka ce shi ke nan, an gauraya shi da ruwa. Muka zuƙe tanki kaf, aka wanke, aka canja filta, muka zuba na gidan mai da tsadarsa. Rana ta take. Ƙanena ya sayo dambu da kopto. Aka tada mota. Tarin nan yana nan yadda yake.

Ina tsaye hannuna duk baƙin mai waya ta yi ƙara. 'Yar Kawu ce, ba ta iya magana ba, kuka kawai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mijinta ya karɓa ya ce, “Sai haƙuri. Bayan azahar za a kai shi, ba a ajiye gawa.”

Na daina tausayin inji. Muka kama hanya tana tari tana tafiya, muka wuce Birni, muka wuce Kure. Wai raƙuman dawa sun fito bakin hanya, ƙanena ne ya gani, ni ban ga komai ba. Da muka isa gidan a unguwar Dar es Salam an shimfiɗa tabarmi, mutane sun dawo daga maƙabarta da jar ƙasa a takalmansu.

Bayan addu'ar uku na kai motar wani gareji a unguwar Wadata. Makaniken ya bar inji yana aiki, ya dinga zare wayoyin buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Kowacce ya zare, sai ƙarar ta ƙara lalacewa. Da ya zare wata, ba abin da ya canja. Ya nuna mini inda ta tsage.

“Silindan nan ne ba ya samun wuta, Malam. Esansinka ba shi da laifi. A haka ma, a hankali, tana kawo mutum Yamai.”

Bai san abin da ya faɗa mini ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kuka a gaban mutane.

Mun dawo Dutsi lafiya. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in mai jinya na jiranka, kuma mota na motsi ko da rarrafe ne, kar ka tsaya jin shawara. Duk tsawon hanyar dawowa injin bai yi tari ko sau ɗaya ba, kuma wallahi ban taɓa jin ƙarar da na tsana kamar wannan ba.